Tsohuwar Fijo Tana Da Sauran Tafiya: Wankin Injin Da Giyabos Da Sake Haɗa Su A Gida

Da wuya mutum ya ratsa unguwanninmu na zango, ko a Kumasi ne, ko Nima ta birnin Ankara, ko Tamale, bai ga wata tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504 ba, wadda mu muke kira Fijo, an jingine ta a gindin bango, tayoyinta sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In ka tambayi masu ita, amsar kusan ɗaya ce: injin ya gaji, an je gareji an faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin gida, shi ya sa aka ajiye ta sai hali ya yi. Kafin halin ya yi, masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya da kuɗin da bai kai na tayoyi huɗu ba, an sallama. Ta haka motar da ta ciyar da gida shekara da shekaru take ƙarewa a kan sikeli.

Mun ga ya dace a wannan wata mu yi magana a kan wannan al'amari, domin yawancin waɗannan motoci ba su kai ga mutuwa ba. An ƙera su ne ta yadda za a iya kwance su, a sabunta abin da ya cinye, a mayar. Abin da aikin yake bukata shi ne tsabta da tsari da haƙuri, kana da sanin inda hannun mai gida ya tsaya, na masu injin awo ya fara.

Motar da ta san hanyoyinmu

An fara fito da 504 a ƙasar Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar da ta fi kowace a Turai. Ta gaji yayarta 404 wadda ta fito a 1960. A shekarar 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita, tseren da ya yi suna wajen karya motoci. A wannan shekarar ce kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna ta Nijeriya. Turawa sun daina yin ƙirar salun a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. Wannan shi ya sa kayan gyaranta suka yawaita a yankinmu fiye da na sauran sa'o'inta.

Mu a nan Gana, ƙasashen da suka kewaye mu duka, watau Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, renon Faransa ne, kuma tun daga watan Agusta na 1974 muka koma tuƙi a hannun dama kamar su. Dattawanmu suna tuna zamanin da doguwar Fijo mai layin kujeru uku take ɗaukar fatake daga Ankara zuwa Aflao, ta shiga Lome da Kwatano har Legas, akori-kura kuma tana jigilar doya da goro. Gidaje da yawa a zango da kuɗin wannan mota aka gina su.

Abin da ya sa injinta yake gyaruwa

Maganarmu a nan a kan injin fetur ce, mai silinda huɗu, wanda aka fi sani da girman cc 1971, ko da yake akwai ƙananansa masu 1796 da 1618. Na gas yana da nasa hukunci dabam. Injin fetur ɗin a kishingiɗe yake zuwa gefe ɗaya, gangar jikinsa, watau bulok, ƙarfen zubi ce, kansa kuma, wanda makanikai suke kira tof silinda, alminiyam ne. Ba shi da kwamfuta, kafireta ce take ba shi mai, sarƙa ce take juya sandar da ke buɗe bawuloli.

Babban abin da ya kamata a sani shi ne wannan. A yawancin motoci, ramin da fistin yake hawa da sauka a ciki a jikin bulok aka huda shi, saboda haka in ya cinye tilas a ɗauki bulok ɗin dungum a kai wa masu injin su faɗaɗa ramin. A Fijo kuwa kowane fistin yana cikin wani bututun ƙarfe ne mai zaman kansa, wanda ake kira silif, ruwan sanyaya injin yana kewaye da shi. Ana zare silif huɗun da hannu, a sayo sababbi tare da fistin da ringinsu, a zura. Ke nan zuciyar injin tana komawa sabuwa ba tare da an taɓa bulok ba. Sai dai wannan falala tana tafe da sharaɗinta, kamar yadda za mu gani a gaba.

A tambayi injin ciwonsa tukuna

Kada a fara kwance kusa ko ɗaya sai an san abin da ake nema. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai yawa bayan injin ya yi zafi, tare da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alama ce ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, musamman in fitilar mai tana ƙyaftawa, tana nuni ga metal da kiranshaf.

A aro agogon gwada matsi, a cire fulogi duka, a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya a rubuta. In an sami wadda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake gwadawa. Idan matsin ya tashi, ringi ne suka ci. Idan bai motsa ba, a nemi laifin wajen bawul ko gasket. Sau da yawa wannan ɗan gwaji yakan nuna cewa aikin tof silinda kaɗai ya isa, a huta da sauke injin.

Wurin aiki

A nemi ɗaki ko rumfa mai daɓen siminti wadda za a iya rufewa. Babban abokin gāban wannan aiki ƙura ce, don haka ba mu ba da shawarar a haɗa injin a fili cikin watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska take cike da ƙurar arewa. Ƙwayar yashi ɗaya tsakanin metal da kiranshaf ta isa ta ɓata aikin wata guda.

Kayan aiki ba su da yawa: sifanoni da sokoti na awon milimita, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, siraran ƙarafan awo da ake kira fila, abin matse ringi, abin matse sifirin ɗin bawul, da burushi iri-iri. Abin da ba a da shi a aro ko a yi haya. A tanadi gwangwanayen madara da na tumatir, da kwali, da littafin rubutu, da wayar hannu don ɗaukar hoto. A nemi kuma littafin gyaran motar, domin a cikinsa ne ake samun awon kowane ɗauri.

Injin ya fi buhun siminti biyu nauyi, saboda haka a rataya sarƙar ɗagawa a jikin ƙarfe ko gungumen da aka tabbata da shi. Kada a ɗora mota a kan bulon siminti a shiga ƙarƙashinta, don bulo yana fashewa ba sallama. A sa ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, a tare tayoyi, a cire batir kafin komai. A hana yara ƙanana kusantar wurin.

Kwancewa

Dokar kwancewa ɗaya ce: duk abin da ya fito, a san inda ya fito da yadda ya fuskanta. A ɗauki hoto kafin a taɓa kowace waya ko tiyo, a ɗaura mata takarda mai lamba. Kusoshin kowane sashe su shiga gwangwaninsu da suna a jiki. A huda kwali ramuka takwas a jera bawuloli bi da bi, a yi wani don sandunan da ke tura su, domin kowanne ya riga ya saba da mazauninsa. A lura kuma Faransawa daga baya suke fara ƙirgar silinda, watau ta ɗaya ita ce wadda take kusa da kuloci. Wanda ya ƙirga daga gaba zai rikita wayoyin fulogi.

Ba a kwance tof silinda sai injin ya huce sarai, kuma a riƙa sassauta kusoshin kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, don alminiyam yana saurin lanƙwasa. In an zo cirewa, a fara gurgusa shi gefe ya rabu da gasket kafin a ɗaga, kada ya taso da silif.

Ga sharaɗin da muka ambata. Da zarar an cire tof silinda, babu abin da yake danne silif. In aka juya kiranshaf a wannan hali, fistin zai ɗago silif, abin da ya toshe gindinsa ya yage, daga baya ruwa ya riƙa zurara cikin baƙin mai. Saboda haka wanda ba ya nufin cire silif, lalle ya danne su da manyan wasa da kusoshi kafin ya juya komai. Injuna da yawa a nan suka mutu, a hannun mutanen da suka shiga canjin gasket kawai.

A yi wa murafun konrod da na manyan metal lamba kafin a kwance su. Kowane murfi da abokinsa aka gurza shi, ba ya zama a wani wuri, ba ya kuma zama a juye.

Wanki

Rabin aikin nan wanki ne. A yi shi da kananzir ko gas, a cikin rabin durom, a wuri mai iska. Kada a yi da fetur, domin tururinsa yana bin ƙasa har ya kai ga murhun da ke can cikin gida. A sa safar hannu ta roba, don tsohon baƙin mai yana da illa ga fata in ana yawan taɓa shi. Ƙurar da ke cikin kwanon kuloci kuma kada a hure ta, a jiƙa ta a goge, saboda tsofaffin faifan kuloci da gasket sukan ƙunshi asbestos mai lalata huhu.

Wasu sukan jiƙa kayan injin a ruwan soda irin ta yin sabulu. Tana cire datti daga ƙarfe, amma tana cin alminiyam, don haka kada ta taɓa tof silinda ko fistin ko kwanon giyabos ko kafireta. Wajen kankare ragowar gasket a fuskar alminiyam a yi amfani da katako ko roba mai tauri, ban da wuƙa.

Inda ya fi muhimmanci shi ne inda ido ba ya gani. Akwai hanyoyin mai a cikin bulok da cikin kiranshaf, kuma nan ne dattin shekaru yake daskarewa. A bi kowace da siririn burushi, a tura kananzir har ya fito fes ta ɗaya ɓangaren, sa'an nan a hura iska da famfon taya. A wanke rariyar famfon mai da kaskon ƙasa. A kankare tsatsar da ta taru inda gindin silif yake zama har wurin ya yi sumul. Daga ƙarshe a wanke bulok da ruwan zafi da omo, a busar nan take, a shafa mai, a rufe da leda. Gwajin tsabta shi ne a goga farin ƙyalle, in ya fito da baƙi a koma wanki.

Dattin man da ya taru a zuba shi a jarka a kai gareji. Kada a tuttular a kwata, domin unguwanninmu a cunkushe suke, abin da aka zuba a kwata yau gobe yana kusa da rijiyar maƙwabci.

Abin da ba a yi a gida

Abu biyu sai an fita da su. Na farko kiranshaf: a kai wa masu injin gurza ƙarfe su auna shi. In ya cinye za su gurza shi zuwa wani awo, su faɗi girman metal da zai dace. A rubuta awon, kuma kada a sayi metal sai bayan an ji shi. Na biyu tof silinda: su duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, su duba mazaunin bawuloli. A Kumasi, Magazin ta Suame cike take da masu wannan sana'a. A Ankara kuma kasuwar Abossey Okai ce matattarar kayan gyara. In kayan sun dawo a sake wanke su, don garin ƙarfen gurza yana maƙalewa a hanyoyin mai.

Wajen sayayya a tafi da tsohon abin a hannu a gwada. Silif da fistin da ringi a saye su a haɗe, kada a gauraya na wannan kwali da na wancan. Gasket da abin tare mai da sarƙa da abin da ke ɗame ta, duka sababbi za a sa. Araha ba ta ado, balle a cikin injin.

Haɗawa

A fara da silif. Tilas bakin kowanne ya ɗara fuskar bulok da ɗan kaɗan, abin da bai fi kaurin takarda ba, domin tof silinda ya danne shi sosai. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai a auna da fila, a daidaita huɗun bisa ga abin da littafi ya ce. In ya yi ƙasa gasket zai ƙone, in ya yi sama da yawa ruwa zai yoyo.

Kafin a sa ringi a jikin fistin, a zura shi shi kaɗai cikin silif a auna tazarar bakinsa. Wajen sawa a karkasa bakunan, kada su hau layi ɗaya. Bayan metal a bushe yake zama, fuskarsa kuma a shafe ta da sabon baƙin mai. Duk murfin da aka ɗaure, a juya kiranshaf da hannu. In ya yi tauri a tsaya nan a nemi dalili, kada a ce zai sake in ya yi aiki. A daidaita alamomin sarƙa, a juya injin zagaye biyu da hannu, a sake dubawa.

Tof silinda daga tsakiya ake ɗaure shi zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo. Ɗaurin ƙarfin damtse shi ke jawo yawancin ƙonewar gasket. Sa'an nan a daidaita bawuloli injin yana sanyi: milimita 0.10 ga na shiga, 0.25 ga na fita. Jerin tashin wuta shi ne 1, 3, 4, 2.

Giyabos

Tun da injin yana ƙasa, lokacin duba giyabos ke nan. Shi ma yana faɗin ciwonsa tun mota tana tafiya. In giya tana gurnani wajen shiga, musamman ta biyu, zobban da ke daidaita gudun haƙora ne suka ci. In tana fita da kanta, a duba ƙananan haƙoran kamawa, da cokulan da ke tura giya, da 'yan sifirin da ke riƙe su. Kukan da ake ji mota tana tsaye, ya ɗauke in an taka kuloci, na boris ɗin cikin giyabos ne. Wanda yake tasowa sai an taka kuloci kuwa, na boris ɗin kuloci ne.

A salun da doguwar Fijo, sandar da ke kai ƙarfi baya tana cikin wani bututu da ya haɗa giyabos da akwatin tayoyin baya, don haka sai an sassauta shi kafin giyabos ya fito. A wanke bayansa tas kafin a buɗe. A tsiyaye man a cikin faranti a duba: ɗan gari mai ƙyalli ba komai ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe yana nufin haƙori ya karye.

Giyabos mai giya huɗu da aka fi samu, wanda ake kira BA7, kwanonsa yana rabuwa gida biyu, sandunan haƙora su bayyana a kwance. A buɗe shi a cikin babban tire, saboda akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da sifirin da ke tsalle su ɓace. Duk abin da aka zare daga sanda a zura shi a jikin sandar tsintsiya ko waya, bi da bi, yadda ya fito. A kula ƙwarai da siraran wasa da ke bayan boris, don da su aka daidaita tazara tun daga masana'anta. Kada a juya busasshen boris da iska. A ɗiga masa mai a juya da yatsa, in an ji gargada a canza. Wanda zai canza boris na ciki, gara ya kai sandunan wurin wanda ya ƙware ya danna su ya sake auna tazarar. Fuskokin kwanon a shafa musu abin liƙi siriri. A gwada shigar kowace giya da hannu kafin a mayar.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan giyabos man injin aka tsara masa, ɗan fiye da lita ɗaya. Man giya mai kauri na akwatin baya ne. A sa sabon faifan kuloci da boris ɗinsa yanzu, don kada a sake sauke kaya saboda su.

Ranar tayarwa

A zuba baƙin mai kimanin lita 4 da sabuwar matatar mai. A cire fulogi a juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, sa'an nan a mayar da su a tayar. A tsaya kusa ana duban yoyo da zafi. Lagireto a sa masa ruwa mai tsabta da maganin hana tsatsa, domin ruwan rijiya zalla yana cin alminiyam. Kada kuma a cire tamostat kamar yadda aka saba, injin da ba ya kai zafinsa yana saurin cinyewa. Kilomita 1,000 na farko a tafi a hankali, ba lodi mai nauyi, ba gudu. Bayan nan a canza mai da matata, a sake duba ɗaurin tof silinda da tazarar bawuloli.

Muna kira ga iyaye da su jawo samari cikin wannan aiki, musamman lokacin dogon hutu. Yaron da ya auna tazarar ringi da hannunsa ya fahimci milimita fiye da wanda ya haddace ta a allo, ya kuma koyi cewa abu yana da tsari. Tsofaffin makanikan da suka san Fijo ciki da waje suna raguwa, kuma yawancinsu ba sa rowar sani in an je musu da ladabi. A gayyato ɗaya ya duba aikin ranar sa silif da ranar ɗaure tof silinda, a ba shi hakkinsa. Wanda yake da irin wannan mota a gida, ya fara da gwajin matsi kafin ya saurari tayin kowa. Allah ya sa albarka a abin hawanmu, ya kiyaye mu a hanya, amin.